Waƙar da Aslaug Ba Ta Bayar Ba

Aslaug 'yar Tarjei mai goge ce, daga can ƙuryar wani kwari na yankin Telemark, ƙasar duwatsu da ƙanƙara, inda hanyar keken doki take ƙarewa. A zamanin ubanta ba a kai amarya coci sai shi ne a gaba, goge a ƙirji, jama'a na biye. Tana da shekara goma sha ɗaya wani mai wa'azi ya ratso kwarin, ya ce goge kayan Shaiɗan ne, da mai kaɗa shi da mai taka rawarsa duk wuta ɗaya za su shiga. Tarjei ya yi kwana uku yana zuwa wa'azin. Rana ta huɗu ya dawo gida, ya sauko da gogen daga bango ya cusa a murhu. Aslaug na tsaye tana jin tsirkiyoyin suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa, ko fito ba a sake jin ya yi ba.

Sai dai kiɗan ya riga ya zauna wa yarinyar a ka. Da baki take yin sa, tana buga dunduniya a ƙasa, kuma babu wanda ya ɓace mata: na rakiyar amarya, na rawar maza da ake tsalle a shure hula, na juyin da ake yi biyu-biyu. A gida ba dama, don haka sai ta bari sai bazara, in ta hau rugar kan dutse da shanun mai gonar da suke zaune a ƙasarsa. Wata uku take yi a can, tana tatsa, tana kaɗa mai, tana dafa cuku, babu mai jin ta sai shanu da awaki. Kiranta na shanu kuwa, in ta ɗaga murya da yamma, masu yankan ciyawa a ƙetaren tafki sukan dakata da lauje a hannu.

Akwai wani saurayi, Eilev, mai turo gungumen katako a kogi, wanda yakan hau dutsen ran Asabar, wai ya zo neman man shanu. Kowa ya san abin da yake kawo shi. Tana da shekara ashirin ya bi jirgin Amurka, ya ce da zarar ya kafa bukka a Dakota zai aiko mata da takardar jirgi. Wasiƙa biyu suka zo. Ta uku kuwa shekara huɗu tana jiranta, har wata Lahadi a bakin coci ƙanwarsa ta gaya mata, kamar mai ba da labarin dankali ya yi kyau bana, cewa ai Eilev ya yi aure har da 'ya'ya biyu. A shekarun jiran nan ne ta ƙaga wata 'yar waƙa tata ta kanta, gajeriya, mai hawa a hankali ta tsaya can sama ba ta sauko ba. Ba ta taɓa rera ta a gaban mutum ba.

Ta auri Gjermund kafinta, wanda ya girme ta da shekara goma sha biyu. Shi yake yi wa kwarin gadon jarirai da akwatin gawa, kuma in ya yi magana goma a yini, to ranar ya yi surutu. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Da hunturu yakan riga ta tashi ya hura wuta, don kada ta sauko cikin sanyi. Suka haifi uku, biyu suka rayu. Tun tana ganin girmansa kawai har ta wayi gari tana son sa, ita kanta ba ta san ranar da abin ya juya ba. Ruga kuwa ba ta fasa hawa ba kowace shekara.

A bazarar 1899 aka hau mata da baƙo a kan doki, an naɗe shi da bargo kamar jinjiri. Sunansa Severin Meidell, makaɗin fiyano ne daga Kristiania, babban birnin ƙasar. Tari ne ya ci ƙarfinsa, likita ya ce ya nemi iskar dutse da madara mai ɗumi. Birgit, maƙwabciyarta ta rugar gaba, ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa.

"Aslaug, wannan kuma fa? Ki aika Gjermund ya zo ya auna tsawonsa tun yanzu, kada a sha wahala daga baya."

"Ke dai Birgit, bakinki bai iya alheri ba. Miƙo min tukunyar can."

Ta bar masa gadonta ta koma kan benci. Ta yi ta ɗura masa madara da kunun kindirmo mai man shanu a sama, har ya fara fita ƙofa da ƙafarsa. Ranar da ya fara jin ta kira shanu, ya fito ba takalmi, ya tsaya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa baki buɗe.

"Baiwar Allah, wa ya koya miki wannan?"

"Malam, kiran shanu har sai an koya wa mutum?"

"Don Allah sake yi. A hankali."

"In na yi a hankali ai ba za su zo ba."

Ya ruga ciki ya ɗauko takarda mai layuka biyar-biyar, ya shiga ɗiga mata baƙaƙen ɗigo. Da ya gano cewa kiɗan Tarjei gaba ɗaya yana bakinta, sai ya zama kamar wanda ya haƙa rijiya ya tarar da azurfa. Ita ta rera, shi ya rubuta, ya maimaita mata, ta girgiza kai.

"A'a, ka hau da yawa."

"To nan?"

"Yanzu kuma ka sauka da yawa. Tsakaninsu ne."

"Yaya Aslaug, a fiyano babu tsakaninsu."

"To ashe akwatin naku gurgu ne."

Ya yi dariya har tarin ya taso masa. Tun daga nan Yaya yake ce mata. Bazara uku a jere yana zuwa, kowane zuwa ya fi na baya ƙiba. Ta ba shi kiɗa arba'in da biyu na ubanta, kowanne da labarin bikin da aka fara kaɗa shi. Ya ce zai mayar da su na fiyano, ya buga littafi.

"Sunan Tarjei zai hau shafin farko da manyan baƙaƙe," in ji shi. "Mutanen da ba su taɓa ganin dutsen nan ba sai sun san shi."

Wannan magana ta shige ta ƙwarai. Ubanta ya mutu yana jin kunyar abin da ya fi iyawa a duniya, ga shi wani mai ilimi daga birni yana cewa abin daraja ne. Ita kanta, tun da aka haife ta babu wanda ya taɓa zama ya saurare ta kamar mai sanin wani abu.

A bazara ta uku aka yi kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Tana durƙushe tana goge akushin madara, ta manta yana ɗakin, sai waƙar nan tata ta kuɓuce mata. Da ta ɗago, ta gan shi ya zuba mata ido.

"Wannan ba ta Tarjei ba ce."

"Ba ta kowa ba ce."

"Yaya, ni za ki ɓoye wa?"

Jiya-jiyan nan ya gama ba ta nasa labarin, na wata yarinya da ta ƙi shi lokacin da yake karatu a Jamus, har da share ƙwalla. Sai ta ga rashin kirki ne ya buɗe mata cikinsa ita ta rufe nata. Ta zauna ta gaya masa kome, da Eilev, da wasiƙu biyun, da maganar bakin coci.

"Amma abu ne ya wuce," ta ce. "Da yau Eilev zai dawo da jirgi cike da zinariya, ba zan ba da ɗan yatsan Gjermund ba. Kuma wannan ba ta takarda ba ce, Malam. Ka ji ni ko?"

Ya ajiye fensirin a kan tebur, ya dafa ƙirji. "Na rantse da kabarin mahaifiyata."

Shekara ɗaya da rabi ba labari. Sai a tsakiyar hunturun 1903, ranar da matan kwarin suke taruwa a gidan fasto suna saƙa safa don masu aikin bishara. Matar faston baƙuwa ce, ba ta fi wata biyar da zuwa ba, ba ta gama sanin wace ce matar wane ba, kuma fiyanonta ne kaɗai a kwarin. Bayan an sha kofi ta ɗauko wani littafi mai koren bango.

"Ku ga abin da aka aiko min daga Kristiania. Wai a dutsenku aka tattaro su."

Murna ta kama Aslaug. Ta goge hannu a zanenta ta roƙa a ba ta ta gani. Ta bi shafin farko da yatsa. Ga sunan Severin Meidell da manyan baƙaƙe. A ƙasansa an rubuta cewa tsofaffin kiɗe-kiɗen dutse ne waɗanda ba a san mai su ba. Ta juya shafi, ta sake juyawa, har bangon baya. Babu Tarjei ko'ina. Ta mayar da littafin ta koma mazauninta.

Matar fasto ta kaɗa na rakiyar amarya. Tsofaffin da aka kai su coci da shi suka gane shi, ƙafafunsu na motsi a ƙarƙashin siket. Sannan ta ce, "Ga wadda ta fi duka taɓa zuciya. Har da labarinta a sama, bari in karanta muku." Ta gyara murya.

"Mai Jiran Wasiƙa. Na ji wannan waƙa daga bakin wata mai tatsar shanu, A., matar kafintan kwarin. Da hawaye ta gaya mini ta yi ta ne don saurayinta da ya tafi Amurka, kuma ko da yake ta auri wani, zuciyarta har yau tana bakin teku tana jira."

Kafinta ɗaya ne a kwarin. Alluran saƙa suka tsaya cak. Mata ashirin, babu wadda ta juyo ta dube ta, kuma wannan ya fi a ce duk sun juyo. Matar fasto ba ta lura ba, ta ɗora yatsu ta kaɗa waƙar tun daga farko har ƙarshe, Aslaug na zaune da rabin safa a cinya.

A hanyar gida Birgit ta cim mata cikin ƙanƙara.

"Shekara goma sha biyar muna tatsa gefe da gefe, ashe da mutuniyar littafi nake zaune ban sani ba! Mai jiran wasiƙa! In biya in duba miki gidan waya?"

Aslaug ta ƙara sauri ta wuce gida. Ta yi niyyar gaya wa mijinta da bakinta, amma kwana biyu tana juya maganar ta rasa ta inda za ta kama. Rana ta uku ya je kanti sayen ƙusa, samarin da ke zaune a bakin ƙofa suka bi bayansa da fiton waƙar. Ya dawo ya zauna bai cire hula ba.

"Gaskiya ne?"

"Rabinsa."

"Wane rabin?"

"Waƙar tawa ce. Na yi ta tun kafin ka neme ni. Sauran ƙarya ne, Gjermund, Allah ne shaidata."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Shekara goma sha biyar muna ɗaki ɗaya, ban taɓa jin ta ba. Shi ya ji."

Ya tashi ya naɗe bargonsa ya tafi ɗakin aikinsa, ya shimfiɗa a kan katako. Abinci yakan shigo ya ci, ya ce an gode, ya fita.

Da ƙanƙarar tafki ta narke, jirgin ruwa ya fara aiki, Aslaug ta sa kayanta na coci, ta ƙulla gurasa da cuku a ƙyalle, ta kama hanyar Kristiania. Ba ta taɓa wuce kasuwar bakin tafki ba. Kwana biyu ta yi a hanya. Da ta sami gidan Meidell, 'yar aikin ta dubi tufafinta ta nuna mata ƙofar kicin. Can sai ga Meidell ya sauko, kumatu sun ciko, hannu a buɗe.

"Yaya Aslaug! Ke ce da kanki? Shigo, shigo! Kin ga littafinmu?"

"Na gani. Ina sunan ubana?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Masu buga littafin ne. Sun ce mutane sun fi so su ji cewa dutse ne ya haifi kiɗan, ba wani Tarjei ba. Amma a bugu na biyu, ki bar min wannan."

"Waƙata fa? Wadda ka dafa ƙirji a kanta?"

"Yaya, na yi iya ƙoƙarina in manta da ita, ta ƙi barina in yi barci. Irin wannan abu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, na ƙasa ne gaba ɗaya. Kuma ai ban sa sunanki ba, harafi ɗaya ne kawai."

"Kafinta nawa ka gani a kwarinmu?"

Ya ce a hankali, "Ban zaci littafin zai kai can ba."

"Wato ka ɗauka mu shanu muke tatsa kawai, ba ma karatu. To wa ya ce maka zuciyata tana bakin teku? Ni ko tekun ban taɓa gani ba sai jiya."

"An ɗan gyara ne don ya shiga rai. Ki zo ki ga yadda mata suke kuka in na kaɗa ta a zaure."

"Su sukan yi kukan su tafi gida wurin mazansu. Ni nawa a kan katako yake kwana."

Ya kai ta ɗakin fiyano, ya roƙe ta ta zauna ta ji waƙar sau ɗaya daga hannunsa. Ta ƙi zama, amma ba ta fita ba. Ya kaɗa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ya yi daɗi. Ya shimfiɗa mata wani amo a ƙasa kamar ruwa na gudu ƙarƙashin ƙanƙara. Amma a wurin da tata take tsayawa can sama, shi ya sauko da ita a hankali ya kwantar, don masu saurare su san lokacin tafi.

"Ka sauko da ita," ta ce. "Tawa ba ta saukowa. Ɗauko takarda."

Ta tsaya a kansa har ya rubuta wa Gjermund cewa maganar bakin teku shi ya ƙara, ba daga bakinta ta fito ba. Ya sa hannu. Ya ce ta tsaya ta ci abinci, ta kwana, gobe ya zaga da ita gari. Ta karɓi takardar ta fita ta ƙofar gaba.

Gjermund ya karanta a tsaye a bakin ɗakin aikinsa, ya ninke ya miƙa mata.

"Na san ba ki faɗa ba. Ba shi ne ya dame ni ba."

"To bari in rera maka ita yanzu. Kai kaɗai."

"Yanzu? Da kowane ɗan iska yake fito da ita a bakin kanti? In yi me da ita?"

Sai da hunturu ya zagayo, ciwon haƙarƙari ya kwantar da ita mako uku, sannan ya maido da bargonsa ɗaki. Ya yi jinyarta kamar yadda ya iya, ba tare da magana ba. Suka ƙara shekara goma sha takwas tare cikin mutunci, bai taɓa yi mata gori ba, amma bai sake zama kusa da ita ba in tana aiki, kamar mai tsoron ya ji abin da ba nasa ba. Sunan kuwa ya bi ta. Har yaran da aka haifa daga baya, waɗanda ba su san mafarin zancen ba, Mai Jira suke ce mata. 'Yarta Tone ta gaji da tsokana, tana cika shekara goma sha shida ta tafi aikatau garin Skien, ba ta dawo da zama ba. Bugu na biyu ya fito, na uku ma ya fito. Matar fasto, wadda ta zo har gida ta ba ta haƙuri da kuka, ita ta duba mata su. Babu Tarjei, kuma labarin yana nan yadda yake.

Aslaug ta ci gaba da hawa ruga har gwiwoyinta suka ƙi. Takan kira shanu don dole, gajeren kira ba ado. In aka roƙe ta kiɗan baki a wurin biki, sai ta ce maƙogwaronta ya bushe.

A 1927, shekara shida bayan rasuwar Gjermund, wasu mutum biyu daga jami'a suka zo da na'urar ɗaukar murya a bayan mota. An gaya musu akwai wata tsohuwa da ta riƙe kiɗan Tarjei sama da ɗari, kuma arba'in da biyu kaɗai aka taɓa rubutawa. Suka same ta a bakin ƙofa tana feren dankali. Suka gaishe ta da ladabi, babban ya cire hula.

"Inna, mun zo ne don kada abin nan ya ɓace. Sunanki da na mahaifinki za mu rubuta a jikin kowane faifai. Mun yi miki alkawari."

Ta dube shi, ta dubi na'urar.

"Kun sha hanya. Ku shigo ku sha kofi."

Ta ba su kofi da gurasa da cuku, ta tambaye su lafiyar iyalinsu da yadda suka baro hanya. Duk ta inda suka ɓullo da zancen kiɗa, sai ta ce tsufa ya cinye, ba ta tuna ko ɗaya. Ƙaramin ya ce ko guda ɗaya tak, ko na rakiyar amarya.

"Akwai littafi," ta ce. "Ku je ku saya, an ce ya yi kyau."

Suka ɗaure na'urarsu suka tafi. Ta rasu a kakar 1936 a gidan ɗanta, tana da shekara saba'in da uku, ba ta koya wa kowa sauran ba.